Shawara: Na zo na 20 cikin mutum 22 a gasar harbin fistol, in haƙura ne ko in ci gaba?

Assalamu alaikum Baba. Ni ma'aikacin wata hukumar tsaro ne anan Kano, ina zaune a Hotoro, shekarata 27. A atisayen harbi da muke yi na tsaye waje ɗaya kullum ina cikin ukun farko, shine aka saka sunana cikin waɗanda zasu wakilce mu a gasar fistol irin wadda ake gudu ana harbi ana ƙirga lokaci, wai da dokokin IPSC, ƙungiyar irin wannan gasa ta duniya. Baba wlh naji kunya. Cikin mu 22 nazo na 20, harsashina duk ƙasa ta hagu yake tafiya, na harbi farin allon da akace kar a taɓa har sau biyu, kuma alƙalin fili ya daka min tsawa akan yatsana. Yanzu a wajen aiki sai tsokanata ake. Saura wata uku ayi wata gasar, harsashin atisaye da ake bamu baya wuce 30 duk sati biyu. Akwai wanda yace zai samo min harsashi ta bayan fage in ringa fita daji ina gwadawa, matata tace bata yarda ba har mukayi faɗa. Kuma ina zargin bindigar da aka bani bata da saiti. Me kake gani?
Ƙaninka daga Hotoro

Wa'alaikumus salam ƙanena. Na karanta saƙonka sau biyu, kuma kafin in taɓa maganar saiti ko gudu bari in fara da mutumin nan mai harsashin bayan fage, domin maganarsa ce tafi tsaya min a rai. Ka goge lambarsa yau ɗin nan. Kai da kake cikin kaki kafi kowa sanin cewa a dokar makamai ta 1959 fistol tana cikin bindigogin da aka haramta wa mutane riƙewa, lasisinta sai daga shugaban ƙasa, kuma kakin da ke jikinka bai baka izinin ajiye ko harsashi ɗaya da ba'a rubuta shi a littafin amori, wato ma'ajiyar makamai, ba. Ranar da aka kama mutumin nan, kuma irinsu ana kama su, wayarsa za'a fara buɗewa, sunanka na ciki, babu wanda zai tsaya ya saurari cewa don gasa ka siya. Sannan shi dajin da kake cewa, wanne daji ne ya rage a kewayen Kano da babu mutum a cikinsa? Ka bi hanyar Wudil ko ta Gwarzo ko ta Dambatta, duk inda ka ga kamar shiru ne akwai mai noma a bayan bishiya, akwai Bafulatani da shanunsa, akwai yara masu itace, kuma harsashin 9mm in ya tashi sama yana iya tafiya fiye da kilomita ɗaya da rabi kafin ya sauka. Matarka ta fika gaskiya, ka koma ka bata haƙuri da bakinka, ka gaya mata ka bar maganar, domin tsoron da ya sa ta yi maka faɗa tsoro ne na mai sonka.

Toh yanzu mu zo kan harbi. Bindigar nan da kake zargi, ina da yaƙini sosai lafiyarta ƙalau. Na daɗe ina tsayawa a bayan sabbin masu harbi, kuma in ka ga mai harbi da hannun dama harsashinsa yana taruwa ƙasa ta hagu, kusan kullum hannunsa ne, bahago kuma sai ka ga nasa ƙasa ta dama. Abin da ke faruwa shine jikinka ya riga ya san ƙara na zuwa da shurin bindiga, sai ya riga ta, a daidai lokacin da kake jan kunama sai sauran yatsun hannun dama su matse gaba ɗaya, wuyan hannu ya danna ƙasa, bakin bindiga ya sunkuya kafin harsashi ya fita, kai kuma baka gani ba saboda idonka ya ƙifta a wannan lokacin. A harbin tsaye kana da lokacin da zaka ja numfashi ka lallaɓa kunamar a hankali shi yasa abin bai fito ba, amma da taima, wato na'urar ƙirga lokaci, ta yi ƙara a kunnenka, mutane na kallo, sai ɓoyayyen halin ya bayyana. In kana son ka cire shakka daga ranka, ka ɗora hannuwanka akan buhun yashi a nisan mita 10 ka harba guda biyar a hankali, ko ka miƙa wa wanda yafi kowa iyawa a cikinku ya harba. In suka taru a tsakiya shikenan an wanke bindiga.

Maganin wannan ciwon tsoho ne kuma baya cin harsashi da yawa. Ka roƙi mai kula da amori ya baka harsashin bogi, irin wanda babu albarushi a ciki da ake koyarwa dashi, ka ba abokinka magazin, wato gidan harsashi, ya cakuɗa maka na gaske da na bogin ba tare da ka gani ba. Kana cikin harbi zaka ja kunama ka ji ƙas, babu ƙara, kuma a nan zaka ga da idonka yadda bakin bindigar ya yi sujada. Ranar farko abin zai baka mamaki, domin mutum baya yarda yana yi sai ya gani. Duk lokacin da hakan ta faru ka tsaya, ka ja kunama sau biyar babu harsashi kana kallon saitin gaba, ɗan tsinin nan da ke saman bakin bindiga, kar ya motsa, sannan ka ci gaba.

Riƙo kuma shine rabin aikin. Hannun dama ya hau can sama a bayan mariƙin har babu sarari tsakanin fatar hannunka da ƙarfen, hannun hagu ya cike duk gurbin da ya rage, manyan yatsu biyu suna kallon gaba, kuma hannun hagun nan shine zai yi matsar da ƙarfi sosai, na dama ya riƙe daram amma ba har ya sandare ba, saboda in ka matse dama iya ƙarfinka yatsan kunama bazai iya tafiya shi kaɗai ba, sai ya jawo 'yan uwansa. Ga kuma zafin garin nan, a watan Maris da Afrilu rana tana haura 40, tafin hannu ya jiƙe da gumi mariƙi ya ringa zamewa, don haka ƙaramin tawul a aljihu da ɗan garin alli ba ƙawa bane, kayan aiki ne. Lokacin hunturu kuma ƙura ce matsalar, magazin in ya faɗi ƙasa ka buɗe shi ka goge kafin ka sake zuba masa harsashi, in ba haka ba a tsakiyar gasa zai maƙale maka.

Yanzu bari in yi maka lissafin gasar, domin na lura yawancin yaranmu ana tura su ne ba tare da an zaunar dasu an nuna musu yadda ake bada maki ba, sai su ɗauka wanda ya riga gamawa shine ya ci. Ita ƙungiyar IPSC an kafa ta a 1976 a garin Kolombiya ta jihar Misuri a Amurka, shugabanta na farko Jeff Cooper, kuma takenta kalmomi uku ne na Latin da suke nufin daidaito, ƙarfi, sauri. Yadda ake haɗa su shine a tara makin da ka samu a raba shi da daƙiƙun da ka ɓata. Allon yana da gida uku, tsakiya ana ce masa A maki 5 ne, na kusa dashi C, na gefe D, kuma da 9mm irin ta aiki da kuke riƙewa a ƙaramin aji ake lissafa ku, wato C maki 3, D maki 1. In ka kuskure allo gaba ɗaya a cire maka 10, in ka taɓa farin allon nan shima 10.

Ka ɗauki fili mai allo shida, kowanne harsashi biyu, duka 12, iyakar makin da za'a iya samu 60. Mutum na farko ya zo a guje kamar ana korarsa ya gama a daƙiƙa 9, ya samu A shida, C uku, D ɗaya, ya kuskure biyu, makinsa 40 a cire 20 saura 20, a raba da 9 ya tashi da 2.2. Na biyu ya tsaya yana saiti kamar ranar jarrabawar harbi, duka 12 a tsakiya, 60 cif, amma daƙiƙa 20 ya ɗauka, ya tashi da 3. Na uku ya gama a daƙiƙa 12, A goma C biyu, maki 56, ya tashi da kusan 4.7, ya bar su a baya nesa ba kusa ba. Ina ga kai na farkon ne ka zama ranar nan. Ka lura kuskure ɗaya ba 10 kawai yake ci maka ba, 15 ne, tunda ka rasa biyar ɗin da ya kamata ka samu, kuma a fili irin wannan maki 15 daidai yake da ka tsaya cak wajen daƙiƙa uku baka yin komai. Shin ƙara kashi ɗaya bisa biyar na daƙiƙa don ka ga saitinka ya zauna kafin ka ja, da zubar da daƙiƙa uku, wanne yafi araha? Farin allo biyu da ka taɓa su kaɗai sun isa su jefa ka ƙasan takarda ko da komai naka ya yi kyau.

Harsashi 30 a sati biyu kaɗan ne, ban musa ba, amma yawancin abin da kake buƙatar koya a wata ukun nan ba da harsashi ake koyonsa ba. Zaro bindiga daga kube, kawo ta gaban ido saiti ya zo daidai, canza magazin, matsawa daga allo zuwa allo, shiga wuri da fita, duk wannan da bindiga babu harsashi ake gina shi, kuma manyan 'yan gasa na duniya da suke da harsashi kamar ƙasa suma haka suke yi kullum. Ka je wajen ogan da ke kula da tawagarku ka nemi izini a rubuce a baku minti 15 zuwa 20 kowace safiya a fili ko wani ɗaki kusa da amori, babu harsashi ko ɗaya a ɗakin, ko a aljihu, a duba bindiga ka duba abokinka ya sake dubawa, a fuskanci katangar da babu kowa a bayanta. Ka ɗora kwanson harsashi a kan bindigar kusa da saitin gaba ka ja kunama kar ya faɗo. Ka sauke manhajar taima a wayarka, akwai na kyauta, ka sa mata daƙiƙa biyu da rabi na zarowa da harbin farko, in ka yi sau goma a jere saiti na zaune sai ka rage kaɗan. Kar ka yaudari kanka a nan, tunda babu rami a allo da zai tona maka asiri, kai kaɗai ka san ko saitin yana kan A lokacin da kunama ta faɗi, in ka yi wa kanka ƙarya a ɗaki, fili zai faɗi gaskiya a gaban mutane. Minti 15 kullum yafi awa uku ranar Asabar kaɗai, domin hannu in ya gaji sai ya fara koyon abin da ba daidai ba.

A gida kuma, ba da bindiga ba, ka manna ƙananan takardu uku ko huɗu a bangon ɗaki ka ringa koyar da idonka tsalle daga wannan zuwa wancan, ido ya fara isa ya kafe a kan wani ɗigo ƙarami sannan hannu ya biyo shi, domin sabon ɗan gasa yakan ja ido da bindiga tare sai ya wuce allon ya dawo. Ka ja layi da gawayi a tsakar gida ka ringa shiga kana fita, gwiwa a ɗan lanƙwashe, hannuwa a sama kafin ƙafar ƙarshe ta sauka. Dan Allah kar ka siyo bindigar roba ka ringa wannan a soro ko ƙofar gida inda maƙota zasu hango, kasan halin da gari yake ciki, hannunka kawai ya isa.

Su kuma 30 ɗin kar ka zazzage su a minti biyar kamar yadda ake yi. Goma na farko a hankali a mita 10 ko 15 kana neman su taru waje ɗaya, goma na biyu a cakuɗe da na bogi, goman ƙarshe bibbiyu daga kube da taima. Bayan kowane harbi, kafin ka kalli allo, ka faɗa da bakinka inda kake jin ya tafi, sama ko ƙasa, dama ko hagu, sannan ka je ka duba. Ranar da abin da bakinka ya faɗa ya fara dacewa da ramin da ke allo, toh ranar ka fara ganin saitinka yana ɗagawa lokacin harbi, ma'ana ka daina ƙifta ido, kuma daga nan in ka kuskure a gasa zaka sani nan take ka ƙara ɗaya ka cike ba sai alƙali ya gaya maka ba. Ka siyi ƙaramin littafi ka ringa rubuta kwanan wata, nisa, lokaci da maki, ƙwaƙwalwa tana manta ranar da bata yi daɗi ba.

Wani abu da nake so ka gane, daƙiƙun da kake nema ba a tsakanin harbi na ɗaya da na biyu suke ba. Ko ka koyi jan kunama kamar keken ɗinki abin da zaka rage bai taka kara ya karya ba. Suna can a inda bindiga ta yi shiru, lokacin da ka iso wuri ka tsaya kana neman allo da ido, lokacin da magazin ya ƙare kana tsaye cak kana lalube a ƙugu, lokacin da ka gama harbi ka tsaya kallon rami maimakon ka tashi. Shi yasa 'yan mintunan da ake baku ku zagaya fili kafin a fara suke da tsada, ba lokacin hira bane. Ka ƙirga allunan, ka ƙirga harsashi, ka yanke inda zaka tsaya da wanda zaka fara da inda zaka canza magazin, kuma ka sa canjin ya faɗo a lokacin da kake tafiya daga wuri zuwa wuri ba lokacin da kake tsaye ba. Sannan ka koma gefe ka rufe ido ka bi filin a ranka sau biyar sau goma har sai ka iya ba tare da ka tsaya tunani ba. In ka ga wani gwani ya bi ta wata hanya daban ana saura mutum biyu a kira ka, kar ka canza, shirin da ka haddace ko bai kai nasa ba yafi sabon da zaka manta a tsakiya.

Maganar yatsa kuwa, ka gode wa alƙalin nan, tausaya maka ya yi. A dokar gasar, yatsa a cikin gidan kunama lokacin da kake tafiya ba kana harbi ba, ko kana canza magazin, ko kana gyara bindiga da ta maƙale, kora ce daga gasar gaba ɗaya ba ragin maki ba. Haka in bakin bindiga ya juya ya wuce digiri 90 daga fuskantar tudun da ake harbi, ko ya bi ta kan hannunka ko ƙafarka. Inda mai hannun dama yafi faɗawa shine in yana gudu zuwa hagu yana canza magazin, ko zai koma da baya, sai bindiga ta bi jikinsa ta leƙa inda mutane suke. Ka sa yatsan ya miƙe can sama a jikin ƙarfen inda kowa zai gan shi daga nesa, kuma a atisayen safiya ka sa abokinka ya tsaya babu abin da yake kallo sai yatsanka da bakin bindigarka. Wannan shine abu ɗaya da bana sassauta wa kowa akansa, na taɓa ganin harsashi ya tashi ƙura taku ɗaya daga ƙafar mutum saboda yatsan da aka manta a ciki, har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Kar ka shiga fili babu tabarau da abin toshe kunne ko da wasu suna ganin ragwantaka ce, ƙarar fistol tana lalata ji a hankali kuma in ya tafi baya dawowa, sannan toshe kunne da kyau yana rage wannan firgitar da ke sunkuyar maka da bindiga, in ka samu ka sa na cikin kunne ka ɗora na waje a kai. In ka gama ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci ko ka ɗauki yaro, akwai dalma a harsashi, kuma mu nan Arewa tun abin da ya faru a Zamfara a 2010 mun san abin da gubar dalma take yi wa yara.

Masu tsokanarka ka bar su, yawancinsu basu taɓa tsayawa taima na bayan kunnensu ba, kuma wanda ya taɓa tsayawa bazai yi maka dariya ba. Kai dai kar ka je gasa ta gaba da niyyar rama kunya, wannan niyyar ita ce take sa mutum gudun da yafi ƙarfin idonsa. Ka je da buri uku kawai, babu kuskuren allo, babu farin allo, babu tsawar alƙali, in ka samu waɗannan lissafin da na yi maka a sama shi da kansa zai ɗaga ka daga na 20. In kana kallon bidiyon gwanaye a YouTube, irin su Eric Grauffel ɗan Faransa da ya fara cin kofin duniya a 1999 a Filifin ya kuma maimaita sau da dama, ka rage gudun bidiyon ka kalli ƙafafunsa da lokacin da bindigarsa take tashi kafin ya tsaya, ka bar kallon yadda harbin ke fita ratata, wannan shekaru ne suka kawo shi. In an yarda a filinku ka sa wani ya ɗauke ka a waya kai ma, zaka ga tsayuwar banza da baka san kana yi ba.

Bayan sati uku ka ɗauki hoton allonka na goman farko da shafin littafin nan ka turo min in gani, musamman ina son in san sau nawa bakin bindiga ya sunkuya akan na bogi a satin farko da kuma na uku. Ka gaida mai ɗakin naka, Allah Ya tsare ku a bakin aiki.